Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: darasi daga hotunan matan Biretanyi

Jama'a masu karatu, musamman ku iyayenmu mata da ke zaune rumfa tun hantsi har la'asar, yau za mu kai ku wata kasuwa mai nisa domin mu duba wata haja da ba a aunawa da tiya. Hajar nan hoto ce, irin wanda ake bugawa a kan takarda kamar yadda ake buga zane a jikin atamfa. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa ko mai tuwo da zanen Nasara na shekaru sama da 130? To, in aka bi labarin daga farko har ƙarshe, za a tarar labarin bashi ne da jingina da dillanci, kuma mata masu sana'a ne a tsakiyarsa. A ganinmu, duk inda aka yi hoto aka sayar, abin tambaya ɗaya ne: a hannun wa abin bugawar yake? Wanda ya riƙe shi, shi ke cin riba.

Biretanyi wani yanki ne a yammacin Faransa, wata ƙurya da ta kutsa cikin teku. Kada a haɗa ta da Birtaniya ta Ingilishi. A wancan zamani mutanen wurin manoma ne da masunta da masu kiwon shanu, kuma suna da harshensu na kansu wanda Bafaranshen Paris ba ya ji ko kaɗan. A lokacin suna sa takalmin katako, matansu kuma suna ɗora wata farar hula ta ƙyalle wadda aka sa wa sitati aka goge. Kowace gunduma da irin hularta, ta yadda ranar kasuwa ana ganin mace za a san garinsu, kamar yadda mu ma a da ake gane mutum da tsagarsa. A cikin yankin akwai wani ɗan gari mai suna Pont-Aven a bakin kogin Aven, wanda a wancan zamani yake da injunan niƙa da ruwa ke juyawa, da mashigar jiragen ruwa, da kasuwa. A 1863 jirgin ƙasa ya iso Quimperlé da ke kusa, daga nan kuwa masu zane suka fara kwararowa, har da Amurkawa da Ingilishi.

Abin da ya kawo su ba wani abin ɓoyewa ba ne: arha. Mu ɗauki shahararren cikinsu, Paul Gauguin, wanda ake furta sunansa Gogan. An haife shi a 1848. Shi ma ɗan kasuwa ne da farko, dillali a kasuwar hannun jari ta Paris, yana samun kuɗi sosai, sai kasuwar ta karye a 1882. Ya gwada sayar da tamfol a Kopenhagen, ƙasar matarsa, abin bai yi ba. A 1886 ya sauka Pont-Aven aljihu wayam, ya sami ɗaki a gidan wata mata, Marie-Jeanne Gloanec, inda kwana da ci na wata guda bai wuce kamar faran 60 na wancan zamani ba. Matar nan fatoma ce ta gaske. Tana ciyar da baƙinta, in ba su da kuɗi ta ba su bashi, wasu kuma su bar mata zane ta rataya a bangon ɗakin cin abinci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da ba don tukunyarta da haƙurinta ba, da wuya a ce yau ana karanta sunan Pont-Aven a manyan makarantu.

A gidan nan ne, cikin 1888, Gauguin ya haɗa kai da wani saurayi ɗan shekara 20, Émile Bernard, suka ɓullo da sabon salo. Waɗanda suka gabace su, da ake kira Impresiyonis, suna fita waje ne su bi hasken rana da ƙananan ɗigo na launi. Su kuwa waɗannan sai suka ce a kalli abu, a koma ɗaki, a zana abin da ya zauna a zuciya: a ja baƙin layi mai kauri a gefe, a cika ciki da launi guda shimfiɗe, ba inuwa, ba ƙananan kwalliya. Sun koyi wannan daga gilasan coci masu launi da kuma hotunan da ake bugawa da katako a Japan, waɗanda suka cika kantunan Paris a lokacin. Masana suna sa wannan aiki cikin abin da suke kira Post-Impresiyonizim, wato abin da ya biyo bayan na farkon. Duk wadda ta saba zaɓen atamfa za ta gane salon nan da kallo ɗaya, domin layi mai ƙarfi da launi shimfiɗe su ne suka fi dacewa da bugawa.

To yaya ake bugawar? Zanen fenti guda ɗaya ne tak, in an sayar an sayar. Amma in mutum ya yi zanensa a kan faranti, zai iya fitar da talatin ko hamsin ko ɗari. Akwai masu sassaƙa katako su shafa tawada su danna takarda. Akwai masu ƙarce farantin jan ƙarfe su sa ruwa mai ci ya zurfafa layin. Akwai kuma masu yin zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai santsi. Gauguin da Bernard wannan hanya ta ƙarshe suka bi, sai dai da farantin tutiya suka yi, domin ya fi dutse arha da sauƙin ɗauka. Bayan an gama zane, sai a shafe farantin da ruwan ƙaro, a jiƙa shi, a bi da tawada mai maiƙo. Da yake ruwa da mai ba sa jituwa, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi. Daga nan a ɗora takarda a matse da inji. Ƙaron nan kuwa irin na Sahel ɗinmu ne, da yawansa a wancan zamani daga gaɓar kogin Senegal ake kai shi Faransa.

A farkon 1889, bisa shawarar wani dillalin zane mai suna Theo van Gogh, Gauguin ya yi hotuna 11 ta wannan hanya, aka buga su a kan manyan takardu masu launin rawaya. Wasu na Biretanyi ne, kamar mata a bakin shinge da ƴan mata suna rawa a lokacin girbin ciyawa, wasu kuma na Martinik da na garin Arles. Bernard shi ma ya fitar da nasa jerin mai suna Bretonneries, inda ake ganin mata suna kiwon aladu, suna shanya wanki, suna girbi. A shekarar ce aka yi babbar baje-kolin duniya a Paris, wadda aka gina hasumiyar Eiffel dominta, mutane fiye da miliyan 30 suka shiga. Masu shirya bikin ba su gayyaci su Gauguin ba. Sai abokinsu Schuffenecker ya ji cewa wani mai gidan kofi a cikin filin, Volpini, ya yi odar manyan madubai don bangonsa ba su iso ba. Ya lallashe shi suka rufe bangon da zanensu, hotunan bugawa kuwa aka ajiye su, sai wanda ya tambaya ake fito masa da su. Har aka watse ba su yi ciniki ba. Kasuwa ta ci, mutum miliyan 30 sun wuce ta ƙofar rumfa, an tashi da kaya yadda aka kawo su.

Yanzu mu dubi abin da ke cikin takardun. Matan suna nan da fararen hulunansu, amma sau da yawa sun ba da baya, ko sun sunkuyar da kai, ko fuskar layi biyu ce kawai. Ba su da suna. Ba za ka ga wadda ke ƙirga kuɗi ko tana ja-in-ja da mai saye ba, alhali su ne ke kai man shanu da ƙwai kasuwa, su ne ke riƙe da gidajen baƙi. A Concarneau, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga Pont-Aven, da kuma Douarnenez, dubban mata suna aiki dare da rana a masana'antun sa kifin sardin a gwangwani. Matan Douarnenez ɗin nan ne suka yi yajin aiki daga ƙarshen 1924 zuwa farkon 1925 har sai da aka ƙara musu kuɗi. Gauguin da kansa ya rubuta wa wani abokinsa a 1888 cewa abin da yake so a Biretanyi shi ne rayuwar daji irin ta mutanen farko. Wato da abin da yake nema ya zo, shi ya sa shi kaɗai ya gani. Masana tarihi sun nuna cewa hulunan nan ma ba na tun fil'azal ba ne yadda baƙi suka ɗauka: cikin ƙarni na 19 ne suka ƙara girma da ado, lokacin da manoma suka fara samun abin hannu. Abin da mai zane ya ɗauka alamar ci-baya, a wurin mai shi kayan fita kunya ne. Kada kuma mu manta, a filin baje-kolin nan na 1889 an kafa ƙauyuka na bogi, aka kawo mutane daga Senegal da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, ƴan kallo suna zagaya su. Idon da ya kalli waɗancan, shi ne ya kalli matan Biretanyi.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya gefen. Masu zanen nan ba su yi arziki da aikin ba. Armand Seguin, wanda ya yi hotunan matan Biretanyi masu kyau a kan jan ƙarfe, ya mutu a 1903 yana ɗan shekara 34, cikin talauci da ciwon tarin fuka. Gauguin ma a shekarar ya mutu, can tsibiran Markiz, da ciwo da bashi. Akwai kuma irin su Henri Rivière, wanda ya koya wa kansa bugun katako irin na Japan, ya shafe shekaru yana komawa gaɓar tekun Biretanyi, daga baya ya fitar da manyan hotuna masu arha domin a liƙa a azuzuwan lakwal da gidajen talakawa. Aikin yana da kyau, kuma albarkacinsa jikokin matan nan suna ganin yadda kakanninsu ke shiga. Ƴan garin ma ba wawaye ba ne: sun san baƙi na son hula da takalmin katako, suna tsayawa a zana su a biya su. Saboda haka ba muna cewa an yi sata ba ne. Muna cewa a duba inda ribar ta kwana.

Mutum uku za su nuna mana. Ta farko Angèle Satre ce, wata matar Pont-Aven da aka sani da kyau. A 1889 Gauguin ya zana ta cikin kayan bikinta, ya kawo mata kyauta. Da ta ga yadda ya mayar da fuskarta, sai ta ƙi karɓa. A 1891 mai zane Edgar Degas ya saye shi a gwanjo, yau kuwa yana rataye a gidan tarihi na Orsay a Paris. Wasu suna yi mata dariya wai ta yi asarar dukiya. Mu ba ma cikin masu dariyar. Fuskarta ce, tana da ikon cewa ba ta yarda ba. Abin lura shi ne, ƙin da ta yi bai hana hoton tafiya ba. Ya shiga kasuwa da sunanta a rubuce a jiki, ita kuwa ko sisi.

Ta biyu Marie Henry ce, mai wani ɗan gidan baƙi a Le Pouldu, bakin teku. Gauguin da abokansa sun zauna wurinta daga ƙarshen 1889, suka cika bango da ƙofofin ɗakin cin abincinta da zane. Da zai tafi a 1890 tana bin sa kuɗi, sai ya bar kayan aikinsa a hannunta. Bayan ya je Tahiti ya dawo a 1894, ya ce a ba shi kayansa, ta ce ba ta san zancen ba. Ya kai ta kotu, kotu ta ba ta gaskiya, kayan suka zauna a hannunta da na zuriyarta. Mutum zai iya cewa ta yi tsauri. Amma a cikin dukan matan da suka ciyar da masu zanen nan, ita ce ta fahimci cewa takarda da fenti ma jingina ne, kamar yadda zobe ko keken ɗinki yake jingina.

Na uku shi ne gardin. Ambroise Vollard babban dillalin zane ne a Paris. Daga 1900 ya ƙulla da Gauguin cewa zai riƙa aika masa kuɗi kowane wata, shi kuma ya riƙa turo zane a kan farashin da aka yanke tun kafin a yi aikin. Kun san irin wannan ciniki, shi ne na masu sayen gero tun yana gona. Daga baya farantan tutiyar nan na 1889 suka faɗa hannunsa, ya sake buga hotunan a kan wata takarda ya sayar. Bai yi zane ba, bai dafa wa kowa abinci ba. Faranti ya riƙe, ya kuma iya jira. Takardun da aka rasa mai saye a gidan Volpini, yau manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ne ke alfahari da su. Wani zanen fenti da Gauguin ya yi a Tahiti kuwa, an bayyana gaban kotu a Landan a 2017 cewa dalar Amurka miliyan 210 aka sayar da shi.

Akwai asarar da ta fi ta kuɗi. Idan aka daɗe ana nuna mutane ba baki, sai a fara ɗauka ba su da abin faɗi. A 1905 wata mujallar yara a Paris ta ƙirƙiro Bécassine, ƴar aikin gida daga Biretanyi, mai hula da wauta, kuma yawanci ba a zana mata baki. A lokacin dubban ƴan matan yankin suna zuwa Paris aikatau, sunan ya zama abin yi musu gori. Abin ya ci wa mutanen rai har wasu samari suka shiga gidan gumakan kakin zuma na Grévin a 1939 suka farfasa gunkinta. A lakwal kuwa, yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa sai a rataya masa takalmin katako a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Dattawanmu da suka yi lakwal zamanin Nasara ba sa bukatar bayani, domin sambol ɗin da aka rataya musu saboda Hausa ko Zabarmanci, shi ne wannan. A tsakiyar ƙarni na 20 masu jin harshen Biretanyi sun kai kusan miliyan guda, yau ba su kai 200,000 ba. Hular tana nan a kan takarda, harshen da matan ke ciniki da shi yana ƙarewa.

Sai dai mutanen ba su zauna sun rungume hannu ba. Da sardin ya ɓace daga tekunsu a farkon shekarun 1900, yunwa ta shiga gidajen masunta, sai aka kafa wani biki a Concarneau a 1905, mai suna Filets Bleus, domin tara musu taimako, ana fitowa da kayan gargajiya baƙi suna biya. A 1920 wani mai gashin burodi a Pont-Aven ya fara yin biskit na man shanu wanda aka sa wa suna Traou Mad, wato abubuwa masu daɗi a harshensu, daga baya aka riƙa sayar da shi cikin gwangwanaye masu ɗauke da zanen Gauguin. A 1985 garin ya buɗe gidan tarihinsa, a 2016 aka faɗaɗa shi cikin wani ɓangare na tsohon otel ɗin Julia Guillou, wata fatomar masu zane ita ma. Garin da mutanensa ba su kai 3,000 ba yanzu cike yake da shagunan zane. Sun karɓe sunansu sun mai da shi jari, amma sai da aka yi kusan shekara ɗari.

Mu ba mu da shekara ɗari ta jira, domin yau kowace wayar salula faranti ce, kuma ba ta tsaya a hamsin ko ɗari ba. Baƙo ko ɗan gida zai tsaya gaban tulin albasarki ko ƙwaryar nononki ya ɗauka, gobe ki ga kanki a jikin kalanda, ko allon wani furoje, ko a Facebook ana tallar abin da ba ki sani ba. Hotunan Wodaabe na Gerewol sun daɗe suna zagaya duniya cikin manyan littattafai masu tsada, a tambayi masu rawar nawa suka gani. Ba muna cewa a kori mai kyamara ba, baƙo rahama ne, kuma hoto mai kyau talla ne. Muna cewa a yi ciniki. Ki tambaye shi ina za a kai, me za a yi da shi. In na sayarwa ne ko na talla, a yanke kuɗi, a rubuta. In kin yarda, ki ce a sa sunanki da sana'arki da kasuwarki, domin wanda ya gani ya san inda zai same ki. In ba ki yarda ba, ki ce a'a, ba rashin kunya ba ne. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma su sa wannan cikin abin da suke tattaunawa, kamar yadda suke zama a kan haraji da kuɗin rumfa.

Haka kuma ga mai zanen gado na fata, da mai rini, da mai ɗinkin hula, da maƙerin azurfa: samfurin da ka ƙirƙira shi ne farantinka. Ka san wa kake ba, kuma a kan nawa. Mai ba da bashin abinci kuwa ta tuna da Marie Henry, ta rubuta, ta riƙe jingina, ko da abin ya yi kama da tarkace a yau. Matan Biretanyi sun ba da abinci, sun ba da ɗaki, sun ba da fuska, faranti kuwa ya tafi Paris. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba da kasuwa.